Gatarin da Ke Rataye a Plas Garnwen

"Ba zan sa hannu ba, Yallaɓai," in ji Yahanasu. Ta ɗora biron a kan zanen, ta tura masa.

Mista Prosser ya cire tabarau ya dube ta. Shi ne shugaban masu awon da aka ɗauko su zana Plas Garnwen, wani tsohon gidan sarauta da ke can cikin tsaunukan ƙasar Wales. Ita kuwa ɗaliba ce mai karatun gyaran tsofaffin gine-gine, 'yar Zariya, saura wata uku ta gama, kuma sai da sa hannunsa za a ba ta takardar shaida.

"Mita shida ne fa kacal," in ji shi. "Ki rubuta cewa kaurin bango ne. Ranar Litinin masu otal ɗin da suka sayi gidan za su fasa wurin su sa lif na hawa bene, mu kuma mu tattara kayanmu."

"Na auna gidan nan ta waje sau huɗu, mita casa'in da biyu. Na auna ta ciki sau huɗu, har da kaurin bangaye, tamanin da shida. Abin da ya kai mita shida ɗaki ne. Kuma bututun hayaƙi goma sha uku ne a kan rufi, murhu goma sha biyu ne a ciki."

"To, sannu malama mai ido. Mutum bakwai sun auna gidan nan tun ba a haife ki ba, duk sun sa hannu."

"Hannunsu ne, Yallaɓai."

Ya ce ya ba ta zuwa ƙarfe huɗu. Ko ta sa hannu a nasa, ko ta nemi mai sa mata a nata.

Ta ɗauki tef ɗin awonta ta fita. Gidan dai kamar mutum ne da ya yi ta sa riga a kan riga har tsawon shekara ɗari shida. Fuskarsa farin dutse ne da ginshiƙai shida, wani magajin gidan ya gina shi bayan ya je Italiya ya dawo da ƙyashi. Bayan wannan akwai sashen jan bulo. Bayan bulo akwai sashen baƙin katako da farin shafe. Can ƙurya kuma sai wani zauren dutse mai tagogi siraran da ko kai ba ya shiga. Duk an rufe su da fallayen baƙin dutse. Ta ɗaga kai ta sake ƙirga bututun. Na goma sha ukun gajere ne, karkatacce, a tsakiyar 'yan'uwansa, kuma ga hayaƙi yana fita daga bakinsa, alhali shekara ashirin ke nan ba a hura wuta a gidan ba.

Ta hau doguwar barandar da aka jera hotunan magadan gidan. Ta maƙala bakin tef a wata tsaga ta jikin katakon bango don ta auna karo na biyar. Sai tsagar ta zuƙe tef ɗin. Tef na mita hamsin ne, amma ta ga sittin ya wuce, ta ga ɗari, ta ga ɗari uku, yana ta gudu yana ƙona mata yatsu. Katakon ya dare gida biyu. Ta yi bisimilla ta shiga.

Matakala ta tarar. Tana hawa, amma kowace taga ta wuce sai ta ga ƙasa tana ƙara matsowa, har ta ga saiwoyin itatuwa ta gilashi. Ta juya ta ce bari ta sauka, sai ga ta daidai da saman bishiyoyi. Ta tsaya ta dafe kai. Daga nan ta runtse ido ta bi tef ɗin da hannu, har ta yi karo da mutum.

Dogo ne, sanye da kwat mai maɓallan tagulla, fuskarsa ta farin shafen bango ce, in ya yi magana sai ta tsattsage gari yana zubowa.

"Ke wace ce, kuma da izinin wa kike taka shekarar da ba taki ba?"

"Ni ce Yahanasu 'yar Tanko magini. Awo na zo."

"An daɗe ana jiran mai awo. Amma ƙarfe ba ya wuce wannan ƙofa."

Ta ajiye tef, da waya, da makullai, har da allurar da ta maƙale mayafinta. Ya buɗe mata ƙofa.

Ɗakin rawa ne, bangonsa duk madubai, cike da mata masu riguna kamar lema da maza masu farin gashin aro. Suna ta juyi, ba kiɗa, ba ƙarar takalmi. Ƙofa huɗu gare shi. Ta fita ta farko, sai ga ta tana shigowa ta uku. Ta gwada ta biyu, ta shigo ta farko. A madubi kuma tana ganin kanta tana tafiya wani wajen da ita ba can ta nufa ba. Sai da ta yi zagaye tara, jiri ya fara ɗibarta, sannan ta tuna abin da Baba Tanko ya nuna mata tana ƙarama, ranar da suka je gyaran wani tsohon soro. Ya ce sabon gini jingina yake yi da tsoho, kuma komai ƙwarewar mai shafe, inda suka haɗu sai ya bar gaɓa. Ta daina kallon ƙofofi, ta bi bango tana ƙwanƙwasawa da ƙashin yatsa. Inda amon dutse ya koma na bulo, nan ta tura madubi, ya juya da ita.

A sashen bulo ta iske waɗansu gajerun halittu masu hannuwa har gwiwa. Suna cire bulo daga bangon dama suna gina na hagu, wasunsu kuma suna cirewa daga hagu suna mayarwa dama.

"Sannunku da aiki. Don Allah ina ne gabas?"

Ɗaya ya nuna bayansa da haɓa. "Jiya dai nan ce."

"Yau fa?"

"Yau ba ta zo ba tukuna. Matsa, kin tsaya a kan bangon gobe."

Ta wuce su, sai daɓe ya ƙare. Rami ne a gabanta wanda ba a ganin ƙarshensa, yana warin toka, an gitta masa ƙonanniyar azara guda ɗaya. Wata murya daga ƙasa ta ce waɗannan su ne shekaru arba'in da gidan ya zauna kango bayan gobara, wanda ya faɗa sai ya cika su. Ta cire takalma ta rataya a wuya, ta hau da rarrafe. Gawayi yana ruguzowa a ƙarƙashin tafinta. A tsakiya azarar ta juya, Yahanasu ta koma a rataye ta ƙasa kamar jemage, amma mayafinta sai ya zubo sama, har ta rasa ita ce a kife ko duniyar. Ba ta saki ba. Ta ja jiki da ƙyar har ta taɓa baƙin katakon ɗaya gefen.

Daga sashen katako ta faɗa zauren dutse. A tsakiyar zauren, inda mita shidan nan suka ɓace, ga wata 'yar bukka ta ƙasa da ciyawa, hayaƙi yana tashi daga kanta. Ta sunkuya ta shiga ta baya, ta fita ta gaba, sai ga ta a kan tudu a fili, gari ya yi shaa, rana tana dab da fitowa.

A bakin bukkar wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai jan gemu, hannunsa na dama a miƙe kamar wanda ya yi jifa yanzun nan. Bayansa mutanen hotunan baranda ne duka, sun jeru. Can gaba, a sararin sama, ga gatari a rataye yana juyi a hankali, ba igiya ba komai. Ƙarƙashinsa wata tsohuwa ce zaune a kan dutse, gashinta gansakuka, tumaki suna kiwo a gefen zaninta, kuma duk dutsen da ke tudun yana da idanu.

Tsohuwar ta ce, "Maraba da 'yar Adam. Kina da kabari a ƙasar nan?"

"Ba ni da shi, ranki ya daɗe. Kaburburanmu suna Zariya."

"To, ke ce. Ni ce Uwar Tudu. Wancan shi ne Idwal Ja, kakan duk waɗannan. Al'adar mutanensa ce, wanda ya gina ɗaki tsakanin faɗuwar rana da fitowarta, hayaƙi ya tashi kafin hasken rana ya taɓa rufin, to ƙasar tasa ce, iyakar inda gatarinsa ya faɗi in ya jefa daga bakin ƙofa. A kan ƙirjina ya zo ya gina. Da ya jefa, sai na riƙe gatarin, na riƙe ranar. Jikokinsa suna ta gini a kan ƙasar da ba a yanke ba, shi ya sa gidansu ba ya yarda da awo. Tambaya biyu ce, kuma sai wanda ba shi da kowa a ƙarƙashin ƙasar nan zai amsa. Hayaƙi ya tashi kafin rana? Kuma ina iyaka?"

Idwal ya yi magana, muryarsa kamar ana jan dutse. "Ya ke baƙuwa, kin ga kogin can a gindin kwari? Ki ce can gatarina zai faɗi. Ina faɗa miki, ƙofar bayanki za ta buɗe a barandar da kika baro, ƙarfe huɗu bai yi ba."

Uwar Tudu ta ce, "Ni kuwa kalma huɗu nake so: ban ga hayaƙi ba. Kina faɗa, sai ki gan ki a zauren mahaifinki."

Yahanasu ta dubi wannan, ta dubi wancan. Kanta ya ɗaure. Ba ta san ko mafarki take ba, ba ta san ko ta faɗa ramin nan ne tun ɗazu ba. Amma hayaƙin yana shigar mata ido.

"Ranki ya daɗe, hayaƙi dai ga shi, rana kuma ba ta fito ba. Kai kuma, Jan Gemu, ba a auna abin da bai faɗi ba. A saki gatarin."

Duwatsu suka yi gunaguni. Tsohuwar ta buɗe tafin hannunta. Gatarin ya ƙarasa juyinsa, ya kafe a ƙasa kusa da wata ƙaya, ko rabin rabin hanyar kogi bai kai ba.

"Iska ce!" in ji Idwal. "Shekara ɗari shida tana gajiyar da shi!"

"Hannunka ne," in ji Yahanasu.

Wani daga cikin magadan, mai farin gashin aro, ya yi dariyar raini. "To ya faɗi ta yamma. Sauran kusurwoyin fa? Da me za ki auna, yarinya, tunda kin bar ƙarfenki a ƙofa?"

Wannan kam bai ɗaure mata kai ba. Tun ba ta kai makaranta ba take ganin yadda ake fitar da harsashin ɗaki zagayayye: a kafa turke a tsakiya, a ɗaura igiya, a riƙe ɗaya bakin a zagaya ana shata ƙasa.

"A ba ni igiya."

"Babu igiya a ƙasata," in ji Uwar Tudu. "Ga doguwar ciyawar bakin rafi, in kin iya tufka. Amma ki sani, 'yar Adam, a nan tsawo da lokaci abu ɗaya ne. Kowane kamu kika tufka, wata guda ya wuce a duniyarku."

Yahanasu ta auna tazarar da ido. Zai haura kamu ɗari.

"Ido gare ki," in ji tsohuwar a hankali. "Ki kimanta, ki nuna mana da yatsa, mu sallame ki."

"In na nuna da yatsa, ke za ki ce na ƙara, shi zai ce na rage, ku koma gidan jiya. Ni ban zo kimantawa ba."

Ta ɗaura bakin farko a dogaran ƙofar bukka, ta zauna ta fara tufka. Tana kai kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa, sai ta ƙulla. Yunwa ba ta zuwa ƙasar, barci ma haka, gajiya kaɗai ke zuwa. Rana ba ta fitowa, don haka sallar asuba kaɗai ta yi ta yi, tana taimama in rafi ya gudu, tana fuskantar inda haske yake, shi ma hasken yana sauya wuri. Ciyawar tana yanka. Tafukanta suka fashe, suka warke, suka sake fashewa. Rigarta ta koɗe ta mutu a kafaɗa. Wani haƙori ya dame ta tsawon kamu biyar, sannan ya fita don kansa.

Duwatsun suna ta ƙirga mata ƙarya don su rikita ta: "Arba'in! Tara! Saba'in da rabi!" Har ta daina sanin nawa ta yi. Ta ce musu su yi ta yi, ita tsawon take bi, igiya ba ruwanta da lissafin baki.

Tana kusan rabi Uwar Tudu ta zo ta ajiye mata akushi cike da ruwa. A cikin ruwan ta ga ɗakin Baba Tanko. Yana kwance a tabarma, ya rame, hannuwan nan da suka ɗaga soraye sun zama kamar kara. Yana tambayar ƙanwarta Uwani ko an ji labari daga Turai.

"Ba a rufe shari'a ba sai shatin ya haɗu," in ji tsohuwar. "Har yanzu kina iya janye maganarki. Kalma huɗu. Za ki riƙe masa kai ya sha ruwa."

Idwal ma ya ce, "Ko ki ce kogi. Duk ɗaya ne a wurinki, ba ƙasarki ba ce."

Yahanasu ta yi kuka irin wanda ba ta taɓa yi ba. Ta buɗe baki, har kalmar farko ta zo kan harshe. Sai ta ga a cikin ruwan tsohon ya miƙa hannu yana shafa bangon ɗakin, bangon da ya gina kafin a haife ta, yana bin miƙewarsa da tafi kamar yadda ya saba. Ta rufe bakinta. Ta kife akushin, ta jawo ciyawa.

Da igiyar ta taɓa ƙotar gatari, ta ƙulla ƙulli na ƙarshe, ta ɗaura tsinken ƙaya mai kauri, ta ja har ta miƙe sosai, ta fara zagaye a sunkuye tana shata ƙasa. Gidan duka ya bayyana a kan tudun, sashe bayan sashe, bangaye suna darewa igiyar tana wucewa. Shatin ya bar zauren dutse da sashen katako a ciki. Ya raba sashen bulo biyu, gajerun maginan suka ajiye bulo suka bi ta da kallo. Ya bar ɗakin rawa da ginshiƙai shida a waje. Magadan suna biye da ita, wannan yana roƙo, wancan yana zagi, wani yana taka igiyar don ta karkace. In an taka sai ta tsaya, ta koma baya, ta sake ja. Duwatsu suna mirginowa gabanta, ta haura su.

Shatin ya haɗu a gindin gatari. Nan take rana ta fito.

Hannun Idwal ya sauka. Ya ce, "Kin hana ni kogi," ya zube ya zama jar ƙasa, jikokinsa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Uwar Tudu ta miƙe, tumaki suna gangarowa daga zaninta. "Kin hana ni ƙirjina, 'yar Adam. Abin da ke wajen shati na karɓa. Ba na gode miki, ba na kuma tsine miki. Ƙofar da kika ƙi ta rufe, ki fita da ƙafarki."

Yahanasu ta koma ta bukka, ta ratsa zauren dutse da sashen katako, ta fito ta rabin sashen bulo, sai iska ta doke ta. Babu ginshiƙai, babu farin dutse. Inda suke ciyawa ce kore shar, kamar ba a taɓa ɗora komai ba. Wata mata makiyayiya tana tsaye da karenta, baki buɗe. Ta ce da idonta ta ga tudu ya haɗiye fuskar gidan yanzun nan. Ta ce an daɗe da barin wurin, don masu otal duk bangon da suka fasa washegari sai su tarar da shi a tsaye, har suka gaji. Da Yahanasu ta tambayi Mista Prosser, matar ta ce ai ya daɗe da ajiye aiki, tun bayan ɓatan wata ɗalibarsa.

Yahanasu ta ari wayarta, ta danna lambar gida da yatsun da ba sa lanƙwasuwa sosai.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Uwani, Yaya ce."

"Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah. Yayata ta daɗe da rasuwa, har sadaka mun yi."

"Ke Uwani mai satar ƙanzo, ni za ki yi wa sadaka ina raye?"

Sai salati, sai kuka, sai hayaniyar yara da Yahanasu ba ta san muryar ko ɗaya ba.

"Yaya, ina kika shiga? Baba har ya cika yana cewa a bar ƙofar zaure a buɗe. Me ya riƙe ki?"

"Awo na tsaya yi."

"Awo? Awon me?"

"Na wata ƙasa. Ya fita daidai."

Ƙulli ɗari da talatin da biyu ne a igiyar. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ta shiga tana da ashirin da huɗu, ta fito tana da talatin da biyar, da furfura a goshi. Takardar shaidar ba ta samu ba, kuma babu makarantar da ta yarda da labarinta. Hannuwanta ba su ƙara iya riƙe biron zane ba. Mahaifinta ya rasu shekara biyar kafin ta fito, ba ta ba shi ruwa ba, ba ta ga fitar gawarsa ba. Wannan shi ne abin da tsayuwarta ta ci mata, kuma ko ɗaya ba a mayar mata ba.